Ƙafar Mota da Ran Fasinja a Hanyar Dandin Mahe

(Laccar da aka gabatar a zauren taron ƙungiyar ɗalibai gab da tafiya hutu)



Da farko muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama. Mun sani zauren nan ya saba da manyan batutuwa na siyasa da adabi da tattalin arzikin ƙasa, saboda haka ba za mu yi mamaki ba idan wani ya ce, yau kuma me ya kawo zancen gareji cikin jami'a? Amsarmu ita ce hutu ya gabato. Nan da 'yan kwanaki yawancinmu za mu ɗauki jakunkuna mu nufi tasha, mu miƙa kuɗinmu da rayukanmu ga motar da ba mu taɓa leƙa ƙarƙashinta ba. Maganarmu a kan wani ɗan ƙarfe ce da ke ɓoye a bayan tayar gaba, tsawonsa taƙi ɗaya ne ko ɗaya da rabi, makanikai suna kiransa linkej. Yana cikin ƙarafan da ake saurin kwancewa a yar da zarar sun fara ƙara, mota kuwa takan ci gaba da tafiya ba shi kamar babu abin da ya faru, har zuwa ranar da za a neme shi a rasa.

Mun zaɓi hanyar Dandin Mahe ta zama misalinmu domin da yawa daga cikinmu sun san ta. Duk wanda gidansu yake Boɗinga ko Dandin Mahe ko Shagari, ko wanda zai zarce Tambuwal da Jega, babban titin nan da ya fita daga Sakkwato ya nufi kudu maso yamma shi zai bi. Kowa ya san irin motocin da ke jigila a kansa: Golf mai dogon baya, da Sharan, da bas ƙirar Hiace. Kowa kuma ya san yadda suke tashi ranar kasuwa, mutum biyu a kujerar gaba ban da direba, but a buɗe an ɗaure shi da igiya, buhunan gero ko albasa sun leƙo waje, wani lokaci har da babur a kwance a bisa. Kuma motar da ta yi gudu a kan kwalta da safe, ita ce za ta sauka da rana ta bi gargada da yashi zuwa ƙauyukan da ke kewaye. Aiki biyu ke nan masu karo da juna aka ɗora wa ƙafa ɗaya.

Idan direba ya ce ƙafar motarsa ta lalace, yana nufin dukan abin da ke tsakanin taya da gangar jikin mota. Manya a ciki uku ne. Akwai sifirin, shi ke ɗauke da nauyi, yana lotsawa yana dawowa. Akwai shokazoba, wadda ba ta ɗaukar nauyi, aikinta ta kwantar da sifirin don kada mota ta yi ta tsalle bayan ta wuce rami. Na ukun shi ne sitabilaiza, wadda mu za mu kira sandar hana tangaɗi. Sanda ce ta baƙin ƙarfe mai tsami irin na sifirin, kaurinta kamar na babban yatsa, ta ratsa mota daga hagu zuwa dama, an tanƙwara bakinta biyu sun zama hannuwa. Tsakiyarta na riƙe a jikin mota cikin robobi biyu inda take iya juyawa, kowane hannu kuwa an haɗa shi da ƙafar da ke gefensa. Abin da ya haɗa hannun sanda da ƙafa shi ne linkej. A yawancin motocin yanzu kowane bakinsa yana da ɗan ƙwallon ƙarfe mai juyawa cikin kwasfa, tamkar gaɓar kafaɗar mutum, an cika shi da giris an rufe da roba.

Hikimar wannan sanda abar tsayawa ce a duba da kyau. Idan tayoyin gaba biyu suka hau tudu tare, hannuwan sandar sukan ɗaga tare, sai ta juya kawai cikin robobinta, ba ta yi aikin kome ba. Amma idan mota ta shiga kwana, gangar jikinta takan karkata waje, ƙafar waje ta lotsa, ta ciki ta miƙe. A nan hannu ɗaya ya yi sama, ɗaya ya yi ƙasa, watau ana murɗa sandar kamar yadda ake murɗa zane a wajen wanki, ita kuwa ƙarfe ce mai gardama, sai ta ƙi. Wannan ƙin nata shi ke rage karkatar. Ashe ke nan sifirin ce mai barci, ba ta farkawa sai mota ta fara tangaɗi. Daga nan za ku gane abu biyu. Na ɗaya, in linkej guda ya karye ko aka cire shi, sandar duka ta tashi aiki, domin ba a murɗa zane da hannu ɗaya. Na biyu, direban da ya cire shi ba zai ji bambanci a miƙaƙƙen titi ba, hasali ma sai ya ji motar ta ƙara laushi a gargada, ƙwas-ƙwas ɗin da ke damunsa kuma ta ɗauke. Sai ya tafi yana sa wa bakanike albarka.

Dabarar kuwa ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1919 wani mutumin Kanada mai suna Stephen Coleman ya yi mata rajista.

To, me ke kifar da mota? Mu Sakkwatawa ba ma bukatar dogon bayani, mun san kokawa. Ɗan kokawar da ba ya so a kai shi ƙasa yakan buɗe ƙafafu ya rusuna. Wanda ya haɗe ƙafafu ya miƙe tsaye kuwa, ɗan turi kaɗan ya ishe shi. Haka mota take. Masana suna auna tsayuwarta da faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba shi da ninki biyu na tsawon cibiyar nauyinta daga ƙasa. A ɗauki misali: mota mai faɗin mita ɗaya da rabi, cibiyar nauyinta na santimita 55 daga ƙasa, lissafinta ya kusa 1.4. A ɗaga ta, a jibga mata kaya a bisa har cibiyar ta kai santimita 75, lissafin ya sauko 1. Faɗin ƙafafun bai canja ba, ɗan kokawa ne ya miƙe. Idan kuma jikin motar ya karkata a kwana, nauyin yakan ƙara matsawa wajen tayoyin waje, abin da ya rage na tsayuwa ya sake raguwa. Bugu da ƙari, ƙarfin da ke tura mota waje a kwana ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi a kan kansa. Wanda ya shiga kwana da kilomita 100 a awa maimakon 80 ya ƙara wa wannan ƙarfi fiye da rabi. Wanda ya shiga da 120 ya ninka shi fiye da sau biyu.

Sai dai akwai wani aikin sandar nan da ya fi hana karkata muhimmanci, shi ne kuma aka fi jahilta, har a tsakanin masu ilimi. Sandar ba ta rage jimlar nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a kwana. Abin da take yi shi ne rabo, nawa zai faɗa wa gaba, nawa zai faɗa wa baya. Ɓangaren da ya fi tauri shi ke ɗaukar kaso mafi yawa, kuma ɓangaren da ya ɗauki kaso mafi yawa shi tayoyinsa ke fara sakin ƙasa. Idan gaba ce ta fara saki, mota takan ƙi lanƙwasa ta nemi zarcewa, direba ya firgita ya ɗaga ƙafa daga totur, sau da yawa sai ta dawo hanya. Idan kuwa baya ce ta fara saki, gindin motar ne zai wulwulo ya nemi wuce kanta, ta juya a gicciye, tayoyinta su caki yashin gefen titi, sai kundumbala. Kama irin wannan mota sai gwanin gwanaye. Saboda haka ne masu ƙera motocin jama'a suke sa gaba ta fi tauri da gangan, don in za a yi saki a yi mai sauƙin.

Yanzu ku dubi abin da ake yi wa motar haya kafin ta shiga layi. Ana so ta ɗauki lodi ba tare da gindinta ya zauna ba, sai a ƙara falle ɗaya ko biyu a sifirin ɗin baya in bas ce, in ƙaramar mota ce a sa mata sifirin na wata mota da ta fi ta nauyi, ko a cusa roba tsakanin zobban. Baya ta yi tauri ke nan. Sa'an nan linkej na gaba ya yi ƙara, an kwance an yar. Gaba ta yi laushi ke nan. Sa'an nan an tara kaya a but har sun wuce tayoyin baya, hancin motar ya ɗaga, tayoyin sitiyari sun yi sakayau. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana tura motar wajen sakin baya, ga shi an haɗa su a mota guda, an kuma ɗaga ta sama. Ba wanda ya yi haka da mugun nufi, kowane mataki yana da dalilinsa na neman abinci. Amma sakamakon shi ne an juya lissafin maƙeran motar baibai. Kuma ba lalle sai a babbar kwana abin yake bayyana ba. Akuya ta tsallako, ko raƙumi ya miƙo wuya, ko mai babur ya fito daga lungu, ko ramin da damina ta haƙa ya bayyana kwatsam, direba ya murza sitiyari hagu ya maido dama. Jikin motar ya tafi gefe ɗaya ya dawo ɗayan da ƙarfi biyu. A wannan daƙiƙa ake neman linkej.

Irin wannan kaucewa har gwaji ake yi da ita a Turai. A 1997 'yan jaridar mota a ƙasar Suwidin sun gwada sabuwar ƙaramar Mercedes ƙirar A-Class da irin wannan murza sitiyari, ta kife, har kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya rage mata tsawo, ya gyara ƙafarta, ya sa mata na'urar da ke taka birkin taya ɗaya-ɗaya idan mota ta fara zamewa. A Amurka kuma an yi babbar rigima a kan Chevrolet Corvair, mota mai inji a baya, wadda aka fitar da ƙirarta ta 1960 ba tare da sandar gaba cikin kayanta na dole ba. Lauya Ralph Nader ya buɗe littafinsa na 1965 da zancenta, ƙurar da ta tashi kuwa tana cikin abin da ya kawo dokar lafiyar motoci ta 1966. Adalci ne mu faɗa cewa binciken gwamnatin ƙasar na 1972 ya ce motar ba ta fi takwarorinta na lokacin haɗari ba. Duk da haka kamfanin da kansa ya riga ya sa mata sandar tun 1964. Mun kawo waɗannan ne don ku ga cewa abin da manyan ƙasashe suka kai gaban majalisa, mu a nan sifana ɗaya ke yanke hukuncinsa a gindin bishiya.

Iyayenmu sun hau motar da ba ta bukatar yawan wannan kwaskwarima. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 da ya yi ta fitarwa shekara wajen talatin mota ce mai tsawo daga ƙasa, mai ƙafa mai nisan lotsawa. A 1975 ɗin nan ta ci tseren Safari na Kenya da na Maroko, a kan hanyoyin da suka fi namu muni. Mai dogon bayanta, wadda ta riƙe tashoshin Arewa shekara da shekaru, sifirin huɗu gare ta a baya, biyu a kowane gefe, domin tun daga masana'anta an san kaya za ta ɗauka. Bayan da darajar naira ta faɗi daga 1986, sabuwar mota ta gagari talaka, sai aka koma ga 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano, motocin da aka ƙera don titunan Jamus masu santsi, gajeru, cikinsu na gogar ƙasa a hanyar ƙauye. Dole aka shiga ɗaga su. Mu ba mu ga laifin ɗaga mota ba, wanda bai taɓa fasa tankin baƙin mai a kan dutse ba shi ke ganin laifinsa. Laifin yana wajen ɗagawa a bar sauran ƙafa yadda take.

Ga dalili. An yanka linkej na asali daidai da tsawon motar na asali, yadda hannun sandar zai zauna kusan a kwance. Idan aka ɗaga mota da yatsa biyu ko uku, hannun ya sunkuya, ƙwallayen linkej suna aiki a ƙarshen iyakarsu, robarsu ta yage, ƙura ta shiga, giris ya zama yashi. Cikin ɗan lokaci ƙara ta dawo. Direba ya canja, ta sake dawowa, balle in jabu aka sayar masa, sai ya yanke cewa ƙarfen banza ne. In kuma ɗagawar ba ta zo daidai ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya, to sandar tana murɗe tun motar na tsaye, kamar jakin da aka ɗaura wa mangala a karkace: a kwanar dama motar ta yi hali ɗaya, a ta hagu ta yi wani.

Maganin wannan shi ne linkej mai ƙari da ragi. Maimakon sanda guda, tsakiyarsa bututu ne mai tiredi, bakin nan na dama, wancan na hagu, yadda in an juya bututun zai tsawaita ko ya gajarta, sa'an nan a ɗaure shi da noti biyu. Masu tseren mota ne suka fi amfani da shi, domin su kullum cikin canja tsawon mota suke, su ƙasa suke yi da ita, mu kuwa sama. Kada a ɗauka yana ƙara wa sandar ƙarfi. Ƙarfin sanda yana ga kaurinta da tsawon hannunta, kuma kauri abin mamaki ne: sandar milimita 22 ta fi ta milimita 20 tauri da kashi 46 cikin ɗari, shi ya sa ɗauko sandar wata mota a liƙa wa wata ba wasa ba ne. Aikin linkej mai ƙari da ragi shi ne ya maido da hannun sandar mazauninsa, ya kuma sauke mata murɗar da ba ta da dalili. Kada kuma a ce duk motar da aka ɗaga dogo take so. Wata dogo, wata gajere, gwargwadon ko daga sama ya sauko wa sandar ko daga ƙasa ya hau mata.

Ɗaura shi yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce aka fi karyawa. Ba a auna shi mota na rataye a kan jak. A tsayar da ita a kan tayoyinta a daɓe mai daidaito, ko a kan rami, iskar tayoyi daidai, direba ko nauyinsa a kujera. A daidaita gefe ɗaya har hannun sandar ya koma yadda yake a motar da ba a taɓa ba. Sa'an nan a juya na ɗaya gefen har kusarsa ta shige raminta da hannu, ba duka, ba dannawa da ƙarfe. A tabbata tiredin da ya rage a cikin bututu yana da yawa, a ɗaure notocin tam, a murza sitiyari iyaka hagu iyaka dama a ga ba ya taɓa igiyar birki ko taya. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne gajeriyar hanyar nan ta yanka linkej a yi masa ƙari da walda, domin zafi yakan narkar da kwasfar ƙwallon ya ƙone giris. Mafi muni shi ne gasa ita kanta sandar da wuta don a lanƙwasa ta. Kowane maƙeri zai gaya muku ƙarfen da aka kashe wa tsami ya zama na banza.

Bakanike yana da hujja guda wadda dole mu amsa masa ita. Zai ce a hanyar ƙauye mai kwazazzabai motar da ba sanda ta fi tafiya, domin kowace taya tana samun sakewa ta taɓa ƙasa. Gaskiyarsa. Har akwai motocin jeji, irin su Jeep Wrangler Rubicon, da aka yi musu maɓallin kwance sandar gaba. Amma su da kansu suke mai da ita da zarar gudu ya ƙaru. Motar Dandin Mahe ba ta da wannan maɓalli, kuma rabin tafiyarta a kan kwalta ne, da mutum takwas ko goma a ciki. Ku lura kuma, duk ranar da aka gyara titi ya yi sumul, gudu ƙaruwa yake yi, wannan aibi kuwa a wajen gudu yake fitowa. Direban ma sau da yawa ba motarsa ba ce, akwai balas da zai kai wa mai ita kowace yamma, kuɗin linkej mai kyau daga bakin 'ya'yansa zai fito. Wanda zai yi masa wa'azi ya fara sanin wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma in an auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Tun 1988 muke da Hukumar Kiyaye Haɗurra, tana kuma iyakar ƙoƙarinta a kan gudu da taya da obalodi. Sai dai jami'in da ke tsaye a bakin titi ba zai shiga ƙarƙashin kowace mota ba. Mutuwa da rayuwa na hannun Allah, ba mu musu, amma an umurce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Ga abin da muke roƙon wannan ƙungiya. Duk lokacin da za ta ɗauki hayar bas don kai ɗalibai gida ko wani taro, a wakilta mutum biyu su duba ta kafin a biya. A sa direba ya murza sitiyari har iyaka, a leƙa bayan kowace tayar gaba, a ga linkej yana nan a gefe biyu, a kama shi a girgiza, in yana kaɗawa ya mutu. A danna kowace kusurwar mota a saki, in ta yi ta rawa shokazoba ta gama. A kuma rubuta cikin sharaɗin haya cewa kaya masu nauyi a ƙasa za su zauna, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Wannan bai fi aikin minti biyar ba.

'Yan'uwanmu na fannin injiniya da kimiyyar lissafi kuwa, ga aikin kammala karatu a ƙofar gida. A auna yawan ɗagawar da ake yi wa Golf da Sharan a garejojin Sakkwato, a fitar da tsawon linkej da ya dace da kowace, a rubuta a takarda ɗaya da Hausa, boko da ajami, yadda za a manna a bangon gareji. Masu injin sassaƙa ƙarfe na Panteka a Kaduna da 'yan kayan mota na Ƙofar Ruwa a Kano ba za su kasa yin bututu mai tiredi biyu ba in an ba su awo da irin ƙarfen da ya dace, muddin za a gwada ƙarfinsa a ɗakin gwaji kafin a ɗaura wa motar da ke ɗaukar mutane. Wanda zai je gareji da wannan aiki ya je da ladabi, ya ce wa mai garejin Baba ko Maigida, ya tsuguna ya fara tambaya, domin mutumin da ya shekara talatin a ƙarƙashin mota yana jin abin da ke damunta tun daga ƙararta. Lissafin kwana ne kawai ba a taɓa zama an yi masa da harshensa ba.

Shugaba, mun ga lokacin da aka ɗibar mana ya cika. Mun zo da linkej biyu, matacce da mai rai, suna nan a kan tebur, duk mai so ya matso ya girgiza su da hannunsa ya ji bambanci kafin a shiga tambayoyi. Allah ya kai kowa gida lafiya.